Gargaɗi ga 'Yan'uwa a kan Gandu da Gayauna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kaɗaita cikin mulkinsa, ya halicci bayinsa mabukata ga junansu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa muridai na Gude da Kabo da Garo, da na Gwarzo da Getso, da waɗanda suka fita daga cikinsu neman abinci suka zauna a Kano ko Legas ko Abuja. Allah ya shiryar da mu da su baki ɗaya.

Abin da ya sa aka rubuta ta wata magana ce da ta yawaita a bakin mutane cikin wannan zamani. Sai ka ji mutum ya ce: ni na riƙe wuridina, ba ya wuce ni safe da yamma, ba na cin haƙƙin kowa, ba na roƙon kowa, to mene ne nawa cikin taro, alhali taro ba ya rabuwa da gulma da hassada da ɓata lokaci? Mai wannan magana ba wawa ba ne, kuma rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Saboda haka ba a amsa masa da tsawa, sai da bayani, domin watakila abin da ya kore shi daga zawiya laifinmu ne.

Fasali cikin bayanin gona biyu

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, iyayenmu na wannan ƙasa sun raba noma kashi biyu. Akwai gandu, shi ne babbar gonar gida. Maigida yana fita da 'ya'yansa da ƙannensa tun da sassafe, su yi aiki tare har wajen azahar. Abin da gandu ya bayar rumbun gida yake shiga. Daga nan ake ci, daga nan ake fid da zakka dami ɗaya cikin goma, daga nan ake biyan haraji a zamanin da ake biyansa, a yi wa saurayi aure, a yanka ragon suna. Sa'an nan akwai gayauna, ita ce 'yar gonar da maigida yake yanka wa kowane ɗa, ya je ya nome ta da yamma in an tashi daga gandu. Abin da ya samu cikinta nasa ne, ba mai tambayarsa. In kuwa ya kwanta barci da la'asar ciyawa ta cinye ta, ba wanda zai ɗora wa laifi.

To, dubi abin da kowace gona take tonawa. A gandu malalaci yana iya ɓuya. Mutum shida sun jeru da fartanya, ɗaya ya riƙa sassautawa, ya riƙa gyaran ƙota, ya riƙa zuwa shan ruwa, aiki kuwa ya ƙare, aka dawo gida tare, aka ci tuwo tare, sunansa cikin manoma. Gayauna ce take tona asirinsa, domin can babu kafaɗar da zai raɓa. A gayauna kuma ƙaƙƙarfa yake ruɗuwa. Damina ta yi kyau, ya dubi dammansa a tsaye, zuciyarsa ta ce masa: wannan duk gumina ne, me gandu yake ƙara mini in ban da ciyar da ragwaye? Sai ya ware. Ba zai gane abin da ya bari ba sai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana ashirin a tsakiyar noman fari, ya tashi ya tarar da ciyawa ta shanye gero, kuma babu rumbun da zai ɗiba ba da roƙo ba.

Ɗariƙa ma haka aka gina ta. Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya yarda da shi, ya bar wa muridansa lazimi, ya bar musu wazifa da zikirin Juma'a. Lazimi shi ne gayaunarka: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, kai kaɗai, a asirce, ba mai ƙidaya maka. In ya kuɓuce maka, kai za ka rama, ba wanda zai rama maka, ko mahaifinka ko muƙaddaminka. Wazifa kuwa ita ce gandu: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, da murya a bayyane, gwiwa kusa da gwiwa. Malaman ɗariƙa sun ce taruwa dominta sharaɗi ne matuƙar akwai 'yan'uwa a garin kuma babu uzuri. Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tattara sharuɗɗan ɗariƙa cikin littafinsa Rimahu, kuma cikinsu akwai kiyaye salla cikin jam'i da nisantar yanke hulɗa da 'yan'uwa. 'Yan'uwanmu Ƙadirawa su ma suna da wuridin da mutum yake yi shi kaɗai bayan salloli, suna da halaka ta zikiri wadda ake taruwa dominta. Babu ɗariƙar da ta ba muridi ɗaya ta yafe masa ɗaya.

Fa'ida. Dubi hukuncin masbuƙi, wato wanda ya zo ya tarar an fara wazifa. Ba a ce masa ya koma gefe ya fara daga farko shi kaɗai. Ana ce masa ya shiga inda ya samu jama'a, ya tafi tare da su har su ƙare, sa'an nan ya rama abin da ya wuce shi. Jama'a ta karɓe shi a yadda ya zo, amma ba ta ɗauke masa bashin da yake kansa ba. Wanda ya fahimci wannan hukunci ya fahimci mafi yawan abin da ke cikin wannan takarda.

Mas'ala

In ka ce: ai manya sun yi uzula, sun nisanci mutane, kuma da ita suka kai inda suka kai. Sai mu ce: gaskiya ne, kuma wanda ya ƙi halwa ya ƙi wani rukuni na tarbiyya. Zuciya kamar ruwan tafki ce da shanu suka dama, ba ta kwantawa sai an bar ta. Amma ka bi labarinsu har ƙarshe, kada ka tsaya a tsakiya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira, sa'an nan ya sauko cikin mutanen Makka ya ɗauki cutarwarsu shekara 13, kuma da ya isa Madina ya gina masallaci ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Shehu Abdulƙadir Jilani, masu tarihinsa sun ce ya yi shekaru masu yawa yana yawo cikin dajin Iraƙi, sa'an nan ya zauna a Bagadaza yana wa'azi da karantarwa da ciyarwa har ya rasu a 561 ta Hijira, 1166 ta Miladiyya. Shehu Tijjani ya keɓe a Abu Samguna cikin sahara, sa'an nan ya shiga birnin Fas a 1798 ya gina zawiya, ya zauna cikin almajirai har wafatinsa a 1815. Imamu Gazali ya bar kujerar karantarwa ta Bagadaza a 1095, ya yi shekara goma da wani abu a keɓe, sa'an nan ya koma karantarwa a Naisabura a 1106. Kuma shi ne ya ƙidaya fa'idojin uzula guda 6 cikin Ihya'u, ya ƙidaya fa'idojin cuɗanya guda 7, cikinsu akwai koyo da koyarwa, da horuwa da haƙurin zama da mutane, da tawali'u, da sanin al'amura ta gwaji. Dukkansu sun shiga halwa da izini da niyya da wa'adi, sun fito da abin da za su raba.

Wanda kuwa ya keɓe a yau, ka tambaye shi abu uku. Wa ya ba ka izini? Yaushe za ka fito? Me kake yi a ciki? Mafi yawa za ka tarar babu izini, babu wa'adi, abin da ke hannunsa kuma waya ce. Ya gudu daga gulmar mutum goma na zawiya, ya faɗa cikin gulmar dubban mutane waɗanda bai taɓa gani ba, yana kallo yana dariya shi kaɗai har tsakar dare, ya makara sallar asuba. Wannan bai bar mutane ba. Ya bar waɗanda suke da haƙƙi a kansa ne, ya riƙe waɗanda ba za su tambaye shi komai ba.

Kuma akwai cututtukan zuciya waɗanda mutum ba ya gane yana ɗauke da su sai cikin mutane. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda yake zaune shi kaɗai yana tsammanin shi mai haƙuri ne domin ba wanda ya taka shi, yana tsammanin shi mai tawali'u ne domin ba wanda ya riga shi sahun gaba, yana tsammanin ba shi da hassada domin bai ga an yabi sa'ansa a gabansa ba. Ka zaunar da shi kusa da tsoho mai tari, ko yaro mai saurin karatu wanda yake riga jama'a, ko ɗan'uwan da ya ci bashinsa bai biya ba, a nan zai ga abin da ke cikin tulunsa. Abin nan da yake kuka da shi na wahalar jama'a, shi ne dutsen da ake wasa shi da shi. Mafi munin abin da ke kama mai keɓewa shi ne ujubu, ya ga ya fi su tsarki, ya riƙa cewa mutanen yanzu sun lalace, ya fitar da kansa daga lissafi. Allah ya tsare mu.

Ka tuna labarin Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi. Ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 ba da uzuri ba, shi da wasu sahabbai biyu, kuma ya faɗi gaskiya bai yi ƙarya ba. Ba a dake shi ba, ba a ɗaure shi ba, ba a karɓi dukiyarsa ba. An hana mutane yi masa magana dare 50. Yana fita kasuwa, yana zuwa salla, ba mai tanka masa, har ƙasa ta yi masa ƙunci duk da faɗinta. Abin da aka yi wa sahabi horo da shi, shi ne wasu suke zaɓa wa kansu yau suna kiransa hutu. Kuma ka lura da wani abu cikin labarin. A cikin waɗannan kwanaki ne takarda ta zo masa daga Sarkin Gassana, yana kiransa ya zo a girmama shi. Ka'abu ya jefa ta cikin tanderu. Duk wanda jama'arsa ta bari, ko ya bar ta, takarda za ta zo masa daga wani wuri. Samarin da suka faɗa hannun masu sayar da ƙwaya da 'yan daba da masu kiran fitina, takardar Gassana ce ta same su a lokacin da ba mai yi musu magana, kuma ba kowa ne yake da zuciyar Ka'abu ba.

Fasali cikin laifin jama'a

Yanzu magana ta juyo kanmu, mu masu zuwa zawiya, kada mu ji daɗi da yawa.

A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta shigo, hukuma ta hana fita a Kano, aka dakatar da taruwa a masallatai, azumi ya kama mutane a gidajensu, kuma dattawa da malamai da yawa suka rasu cikin waɗannan makonni. Allah ya jiƙansu. Wancan lokaci gandu ya rufe, kowa aka bar shi da gayaunarsa. Kowane muridi ya san abin da ya tarar cikin tasa, ba sai an faɗa masa ba. Wanda muryarsa take fin ta kowa a hailala, in ya ga carbi ya yi masa nauyi ranar da ba mai jinsa, to, ya san muryar ta mutane ce. Wannan ita ce riya wadda take ɓuya cikin taro kamar yadda ujubu yake ɓuya cikin kaɗaici. Mutum ɗari waɗanda kowannensu ya jingina da na kusa da shi, in ɗaya ya goce duk sun zube. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannu goma shanyayyu su ma ba sa ɗauka. Jama'a ba ta da wani ƙarfi sai wanda kowa ya kawo daga ɗakinsa: tsayuwar darensa, da halal ɗin sana'arsa, da iliminsa na tsarki da salla, da iya riƙe bakinsa.

Saboda haka muridi ya nemi sana'a ya ƙware cikinta, ya nome gonarsa, ya koyi karatu, ya kiyaye lafiyarsa, kada ya ce tawakkali alhali nufinsa aljihun 'yan'uwa. Wanda ya mayar da zawiya wurin jiran sadaka ya zama kaya a kan ayari, ayari kuwa yana da iyakar abin da yake ɗauka. Fataken goro na da, masu tafiya Gwanja, ba mai tafiya shi kaɗai cikinsu saboda 'yan fashi, suna bin madugu ɗaya suna sauka zango ɗaya, amma kowa da jakunansa da guzurinsa da jarinsa.

Akwai kuma gandun da ya cancanci a gudu daga gare shi. Maigidan da yake sayar da hatsin gandu ya ƙara aure, ɗansa mai shekara 30 yana zaune ba mata, kada ya yi kuka da zamani ranar da ɗan ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Haka muƙaddamin da ya san gidan mai kuɗi bai san gidan mai garuwa ba, wanda yake tashi in attajiri ya shigo, ya miƙa wa talaka yatsu biyu yana kallon wani wuri. Haka zawiyar da in ɗan'uwa ya yi kuskure sai labarinsa ya riga shi isa kasuwa. Irin waɗannan su suke haifar da mai maganar da muka ambata a farko, kuma hisabinsa yana wuyansu. Wani lokaci ma ƙarfin jama'a yakan juya ya zama takobi a kan wasu Musulmi. A 1949 da 1956 an yi tashin hankali a lardin Sakkwato tsakanin mabiya ɗariƙu biyu, masu alƙibla ɗaya da Annabi ɗaya. Haɗin kan da ba ya tsayawa sai da abokin gaba, ƙabilanci ne aka sa masa rawani.

Fasali cikin abin da ya sauya a ƙasarmu

Yammacin Kano bakin daga ne a ƙarni na 19. Mahara daga Maraɗi suna saukowa su kama mutane da dabbobi, garuruwa irin su Gwarzo da Ƙaraye suka zama ribaɗi, wato wurin tsaron iyaka. Sunan Gwarzo kansa sunan jarumi ne, amma babu gwarzon da yake kwana bayan ganuwa shi kaɗai. Tsoro ne ya tara mutanen wancan zamani, yunwa ma ta tara su. Ruwa ya yi ƙaranci a daminar 1913, yunwa mai tsanani ta biyo baya a 1914 ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano, aka sake ganin wata a 1927, aka ga fari a 1973. A irin waɗannan shekaru mutum yana rayuwa da rumbun gida da rancen hatsi daga maƙwabci da zakkar mai hali. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, domin in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa cikin mayafi ɗaya su raba daidai da ma'auni ɗaya.

Sa'an nan abubuwa suka sauya a hankali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, saurayi ya samu hanyar kuɗin kansa. Gonaki suka riƙa ƙanƙancewa da rabon gado, har gandun da ya ciyar da mutum ashirin ya zama gutsattsari. Gayya, wadda ake kiran samarin gari da ganga a ciyar da su fura da tuwo su nome gonar mutum a wuni ɗaya, ta ja baya, ƙwadago na kuɗi ya maye wurinta. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano, kuma alheri ne ga talakawa, ba mai musun wannan. Wayar hannu ta shigo a 2001, ita ma alheri ce, da ita ɗan ci-rani yake jin muryar mahaifiyarsa ya aika mata da kuɗi. Kowane ɗaya daga waɗannan ya sauke wa mutum wani nauyi, kuma da yawa daga cikinsu sun kwance wata igiya da take ɗaure shi da ɗan'uwansa. Da, tilas ce take tara mutane. Yanzu tilas ta ragu, saura niyya. Ina ganin ladan mai zuwa zawiya a yau ya fi girma ta wannan fuska, domin ba tsoron mahara ne ya kawo shi ba. Allah ne mafi sani.

Kada ka yi tsammanin wadata tana maganin wannan. Ingila ƙasa ce mai dukiya da asibitoci, amma a 2018 gwamnatinta ta ɗora wa wata minista aikin kula da matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi haka a 2021, saboda yawan mutanen da suke kwana su tashi ba mai ce musu ina kwana. Abin da sallama da gaisuwar asuba da zaman makoki suke yi mana kyauta, su sai da suka kafa masa ofis. Mu ba mu kai can ba, amma hanyar da suka bi muna kanta, kuma wanda ya san ɗakunan haya na Legas inda samari suke kwana jere ba wanda ya san sunan mahaifin wani, ya san ana iya kaɗaici cikin cunkoso.

A kan wannan akwai abin lura cikin labarin Hausawan Sabo na Ibadan, fataken goro da shanu. A farkon shekarun 1950 mafi yawansu suka shiga Tijjaniyya, wazifa ta riƙa tara su kowace rana, baƙo ya sauka ya samu mai masauki da malami da wanda zai tsaya masa, amana ta yi ƙarfi har ana ba da shanu bashi da baki. Wannan ya riƙe su cikin baƙuwar ƙasa. Amma a lokacin ne kuma suka ware sallar Juma'arsu daga ta Musulmin garin. Ganuwa tana tsare na ciki, tana kuma tare na waje, mai ginin ta ya san inda zai bar ƙofa.

Tanbihi ga muƙaddamai da dattawa

Mun ƙware wajen ƙidayar carbi, ba ma yarda hailala ta ragu da ɗaya. To, a ƙidaya fuskoki kamar haka. Wanda aka saba gani a wazifa, in ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a tashi mutum ya je gidansa da ƙafarsa, domin zumunta a ƙafa take. Kada a aika saƙon waya a ce an sauke haƙƙi. Mutum yana iya rubuta lafiya lau alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, amma idon mai ziyara yana ganin murhu. Kuma mai zuwa kada ya shiga da tuhuma yana cewa me ya hana ka zuwa. Ya gaishe shi, ya zauna, ya yi shiru kaɗan. Sau da yawa abin da ya hana shi bashi ne yake jin kunyar mai shi, ko rigarsa ce ta yage, ko wata kalma ce aka faɗa masa a gaban mutane. In bashi ne, a biya a asirce ko a nema masa jinkiri. In kalma ce, wanda ya faɗe ta shi zai taka ya je, ko da ya girme shi.

Wanda Allah ya ba shi ƙarfi cikinku, na jiki ko na dukiya ko na ilimi ko na haƙuri, ya sani an ba shi ne alhali akwai rabon wasu a ciki, kamar yadda gero yake da zakka. Kuma ya bayar ta hanyar da za ta tsayar da mai karɓa a kan ƙafarsa. Wanda ya koya wa maraya ɗinki ko gyaran babur, ko ya ara wa ɗan'uwa garmar shanu ranar huɗa, ko ya zauna da dattijo ya gyara masa Fatiha ba tare da kunyata shi ba, ya yanka masa gayauna ke nan. Mai ƙarfi kuma ya koyi karɓa. Akwai girman kai cikin wanda yake bayarwa kullum amma in ciwo ya kama shi sai ya ɓoye, kada a ce wane ya bukata. Ya hana 'yan'uwansa lada, ya hana kansa tawali'u.

Kada a manta da mata, domin su ne kaɗaici ya fi ci ba a sani ba: wadda mijinta ya tafi ci-rani wata takwas, da wadda take takaba, da tsohuwar da 'ya'yanta suka watse cikin birane. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba sa iya zuwa wurin karatu, sai ta naɗa jajis, dattawan mata masu ilimi, ta sa musu malfa, suna zuwa wurinta su koya su koma su koyar cikin gidaje. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ba ta jira waɗanda suke tsare su fito ba, ta aika musu. Kowace unguwa a Gude da Kabo tana da dattijuwa wadda za ta iya wannan in an girmama ta an ɗauke mata kuɗin mota.

Kai kuma ɗan ci-rani, in ka sauka garin da babu 'yan'uwa, wazifa ba ta faɗi daga kanka ba, ka yi ta kai kaɗai, ta inganta. Amma ka yi tambaya tun ranar da ka sauka, kafin ka nemi wurin aiki, domin da wuya zangon Hausawa ya rasa zawiya daga Agege har Kumasi. In ka same ta, ka gaya wa muƙaddaminta sunanka da garinku da inda kake kwana, domin in ka faɗi a san inda za a neme ka da wanda za a kira. In ba ka same ta ba, ka nemi mutum ɗaya ko biyu, ku sa lokaci bayan magariba ko bayan asuba, ku shimfiɗa abin da kuka samu mai tsarki ko a bayan shago ne. In damina ta kawo ka gida, ka fara da mahaifanka, sa'an nan ka je zawiya tun kafin a aiko maka, ka tambayi wanda ya rasu da wanda yake kwance a bayanka, ka bi gidajensu ɗaya ɗaya kafin ka fita gona.

Takarda ta ƙare da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda aka karanta wa, amin.